Daga Bon zuwa Baku: yadda na bi maganar asara da ɓarna a teburin sauyin yanayi

A farkon 2022 aka saka sunana cikin tawagar ƙasarmu mai zuwa tattaunawar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma damƙa mini fanni guda in riƙa bi: kuɗin asara da ɓarna. Wato abin da sauyin yanayi ya riga ya lalata, wanda babu dabarar da za ta maido shi, kamar gonar da teku ya cinye, ko garin da ambaliya ta share, ko garken da fari ya ƙarar. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin wannan, tunda waɗanda abin ya fi ci ba su ne suka cika sararin sama da hayaƙi ba. Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Shugaban tawagarmu dattijo ne da ya daɗe a harkar, kuma bai bar ni na fara da ra'ayina ba. Tsofaffin takardu ya tula mini, ya ce, "Malam, duk hujjar da kake ji sabuwa ce ka zo da ita, wani ya riga ya faɗe ta a zauren nan. Ka san inda aka tsaya tukuna." A cikinsu na ga cewa tun 1991, lokacin da ake rubuta yarjejeniyar farko, ƙasar Banuwatu ta kawo shawara a madadin ƙananan tsibirai cewa a kafa asusun inshora saboda ƙasashen da hauhawar teku za ta cinye. Ba a karɓa ba. Yarjejeniyar 1992 ta dai amince cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, waɗanda suka fi gurɓatawa kuma suka fi ƙarfi su za su shige gaba. A 2013 a Warso, 'yan kwanaki bayan guguwar Haiyan ta yi kaca-kaca da Filifin, aka kafa wani tsari na asara da ɓarna, amma na musayar ilimi ne da shawarwari, babu kuɗin biyan ɓarna a cikinsa. A Paris a 2015 maganar ta samu sashe nata, sashe na 8, sai dai an bi shi da sakin layi na 51 a ƙudurin da ya raka yarjejeniyar, wanda ya ce sashen bai ɗora wa kowa alhaki ba, kuma ba zai zama hujjar neman diyya ba. A Glasgo a 2021 ƙasashe masu tasowa suka nemi a kafa asusu, aka sallame su da zaman tattaunawa da za a riƙa yi har 2024. Shekara talatin ke nan ana abu ɗaya kafin in zo.

Taron da duniya ke gani a talabijin na ƙarshen shekara ne, amma aikin a watan Yuni yake farawa, a birnin Bon na Jamus inda sakatariyar yarjejeniyar take. Can na fara koyon yadda yini yake tafiya. Da sassafe rukunin Afirka ke zama, ƙasashe 54. Daga nan a wuce zaman G77 da Sin, ƙungiyar da ƙasashe masu tasowa 77 suka kafa a 1964, yanzu ta kai 134. Wajen ƙarfe goma a watse zuwa ɗakunan tattaunawa, da rana a sake komawa G77, da yamma a sake komawa rukunin Afirka, kowa ya ba da rahoton abin da ya ji. Tawagarmu ba ta kai mutum goma ba, ɗakunan da ake zama a lokaci guda kuwa sun fi mu yawa. Akwai ƙasashen da wakilansu biyu ne ko uku kacal, su ma asusun sakatariya ne ya biya musu jirgi da masauki. A ɗaya ɓangaren teburin kuwa, manyan ƙasashe suna da lauyoyi da masana tattalin arziki, in dare ya yi wasu su tafi barci wasu su karɓe su. Abin da yake ceton irinmu shi ne rabon aiki. Kowane fanni yana da jagora guda da ke magana da sunan Afirka, da wani da ke magana da sunan G77. Idan ba ka samu shiga wani ɗaki ba, ka san akwai wanda yake riƙe da matsayarka a can.

Tafinta kuma a babban zaure kawai ake samu, cikin harsuna shida na Majalisar. Da an shiga ƙananan ɗakuna, inda ake ainihin cinikin kalmomi, Turanci ne zalla. Akwai wata Hajiya daga wata ƙasa mai aiki da Faransanci, ta fi ni sanin fannin nesa ba kusa ba, ta shekara da shekaru tana bin sa. Ranar da ta ji ina waya da Hausa sai ta jawo kujerarta kusa da tawa ta ce, "Ƙanena, daga yau nan za ka riƙa zama." Haka kuwa aka yi. In an haska daftari a allo ana gudu da shi, ni in raɗa mata abin da aka canza, ita ta gaya mini inda canjin ya dosa. Duk abin da ba a amince da shi ba ana saka shi cikin baka biyu, kuma kowace ƙasa tana da damar ta ce a saka ko a cire. Sau da yawa ni ina ganin gyaran rubutu ne kawai, sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro ta ce, "Irin wannan sun gwada shi a Madrid a 2019. Ɗaga allon ƙasarku, kada ya wuce." Har yau yana damuna cewa mace mai wannan sani tana buƙatar wani ya raɗa mata kafin ta kare ƙasarta, kuma akwai irinta da yawa da ba su samu mai raɗa musu ba.

Faɗan da aka yi a Bon na ajanda ne. G77 ta nemi a saka tattaunawar nan ta Glasgo cikin ajandar hukuma, ƙasashen da suka ci gaba suka ƙi. Da farko na ɗauka ƙaramin abu ne, har sai da shugaban tawagarmu ya fayyace mini: abin da ba ya cikin ajanda ba shi da ɗaki, ba shi da masu jagorantar zama, kuma ba ya haifar da ƙuduri. Za a iya yin makonni ana jawabai masu sa hawaye a kansa, a tashi babu layi ɗaya a rubuce. Haka muka baro Bon hannu rabbana, sai dai kafin a watse G77 ta miƙa buƙata a rubuce cewa a saka kuɗin asara da ɓarna cikin ajandar babban taron da za a yi a Masar.

Dole in ɗan tsaya a kan yadda ake yanke hukunci, domin duk ƙarfinmu da rauninmu daga nan suke. Tun taron farko a Balin a 1995 ba a taɓa amincewa da ƙa'idar jefa ƙuri'a ba, ita ce ta 42 a daftarin ƙa'idojin zama. Saboda haka komai sai da yardar kowa. Da ƙuri'a ake yi, ƙasashe 134 sun isa su rinjayi kowane zama. Tunda ba a yi, yawanmu ba ya tilasta wa kowa ya buɗe aljihunsa. Abin da yawan yake ba mu shi ne ikon cewa a'a da murya ɗaya, ta yadda babu wanda zai samu abin da ya zo nema sai ya saurare mu. Wannan ikon kuwa yana nan ne muddin muryar ɗaya ce.

Haɗa muryar shi ne aiki mafi wuya da na gani, kuma a ɗakin da ba a barin 'yan jarida ake yin sa. Mutane suna jin "ƙasashe masu tasowa" su ɗauka abu ɗaya ne. A cikin ɗakin G77 akwai ƙawancen ƙananan tsibirai, ƙasashe 39, waɗanda su suka dage har aka rubuta burin tsayar da ɗumamar duniya a digiri 1.5 a yarjejeniyar Paris, domin a wurinsu maganar ci gaba da wanzuwa ce. Suna son a daina ƙona man fetur da gawayi da gaggawa. A kujerun da ke kusa da su akwai ƙasashen Larabawa da arzikinsu ya dogara a kan man. Akwai ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, su 46 a lokacin, waɗanda suka fi damuwa da tallafin da ba bashi ba da kuma sauƙin samun sa. Akwai Sin da Indiya, da ke tsaye a kan cewa kada a ɗora musu nauyin da tarihi ya ɗora wa wasu. Mu 'yan Afirka babban abin da ke gabanmu kuɗin kariya ne da jure wa sauyin da ya riga ya iso, sai wutar lantarki ga ɗaruruwan miliyoyin da ba su da ita. Mun sha neman a saka yanayi na musamman da Afirka ke ciki a ajanda, kuma cikin masu hana ruwa gudu har da 'yan uwanmu na G77, masu ganin in an ware Afirka an rage musu. Ƙa'idar ɗakin ita ce abin da ba a daidaita a kai ba, ba a faɗar sa da sunan ƙungiya. Shi ya sa a wasu fannoni za ka ji G77 ta yi shiru, kowane rukuni ya yi ta kansa. A kan asusun asara da ɓarna, a shekarar nan, an daidaita.

Tsakanin Bon da Masar ambaliya ta auka wa Pakistan. Mutum miliyan 33 abin ya shafa, sama da 1,700 suka rasu, ɓarna da asara suka haura dala biliyan 30, a ƙasar da hayaƙinta bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Sai ya zamana Pakistan ce ke shugabantar G77 a shekarar. Wanda zai yi magana da sunanmu duka, ƙasarsa ce ke cikin ruwa.

Mun isa Sharm el-Sheikh tun kafin buɗe taro saboda zaman share fage na rukunoni. An kwana biyu ana kai ruwa rana a kan ajanda, har buɗe taron ranar 6 ga Nuwamba ya yi jinkiri. Daga ƙarshe maganar ta shiga, karo na farko a tarihi, amma da sharaɗi: shugaban taron, Sameh Shoukry, ya karanta a zaure cewa abin da za a cimma ba zai ƙunshi alhaki ko diyya ba, kuma wa'adin yanke hukunci shi ne 2024. Wasu matasa a cikinmu ransu ya ɓaci, suna ganin an sayar da asalin maganar tun a bakin ƙofa. Ni ma na ji zafin. Shugaban tawagarmu ya ce mini, "Diyya haƙƙi ce, ba mu yafe ba. Amma yau ɗaki muke nema, kuma mun samu."

Makon farko na ƙwararru ne, irinmu. Ƙasashen da suka ci gaba ba su ce babu ɓarna ba, wannan zamanin ya wuce. Cewa suke akwai hanyoyi da yawa da ake da su, agajin gaggawa, inshora, bankunan raya ƙasa, a tsaya a yi nazarin giɓin da ke akwai tukuna, a dawo a 2024. A mako na biyu ma aka ƙaddamar da wani shirin inshora da kariya da G7, ƙungiyar ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki, ta haɗa da V20, ƙungiyar ƙasashe masu rauni ga sauyin yanayi, Jamus ta sa Yuro miliyan 170. Amsarmu ba ta canza ba ko sau ɗaya: a amince da kafa asusu a wannan taro, bayanan yadda zai yi aiki a tattauna daga baya. Kullum da safe a ɗakin G77 sai an sake tambayar kowane rukuni ko yana nan a kan bakansa. Kullum amsa ɗaya.

A mako na biyu ministoci suka karɓa, aka ɗora wa Maisa Rojas ta Chile da Jennifer Morgan ta Jamus jagorancin sasantawa. Daga nan irinmu muka koma masu jira a bakin ƙofa, muna rubuta wa ministocinmu 'yan takardu, domin wasu zaman shugaban tawaga ne kawai da mutum ɗaya ke shiga. Daren Alhamis 17 ga wata, Frans Timmermans na Tarayyar Turai ya tashi a zaure ya ce sun yarda a kafa asusu. Sai dai da sharuɗɗa: ya zama na ƙasashen da suka fi kowa rauni kawai, a faɗaɗa masu zuba kuɗi, wanda kowa ya gane Sin da ƙasashen Tekun Fasha ake nufi, sannan a ɗaure shi da alƙawura masu tsauri na rage hayaƙi.

Wannan daren shi ne gwajin. Tayin ba shirme ba ne, kuma ba zan ce duk ƙeta ce ba. Sin ce ta fi kowa fitar da hayaƙi a yau, kuma Firaministan Antigua da Barbuda, Gaston Browne, wanda ƙasarsa ke shugabantar ƙawancen tsibirai a lokacin, ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa ya kamata Sin da Indiya su ma su sa hannu. Tsibirai da ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba za su iya karɓar tayin su tafi da asusunsu. Amma idan "mafi rauni" na nufin waɗannan rukunoni biyu kaɗai, to Pakistan ba ta ciki, domin ba tsibiri ba ce kuma ba ta cikin jerin mafi ƙarancin ci gaba. Ƙasashen Afirka da dama su ma ba sa ciki. Na ce wa Hajiya, wadda ƙasarta ke cikin jerin, "Hajiya, ku dai ko yaya aka rubuta kuna ciki." Ta dube ni ta ce, "Yau muna ciki. Gobe wa zai riƙe alƙalamin rubuta jerin? In muka bar Pakistan a waje a shekarar da ruwa ya cinye ta, ranar da namu ya zo mu kaɗai za mu tsaya." Babu rukunin da ya ɓalle. Na ga wakilan da ke da duk dalilin karɓa sun ɗaga allon ƙasarsu sun ce suna tare da ƙungiya, kuma ban taɓa jin girman wani zama kamar wannan ba.

Ranar Juma'a da ya kamata a rufe ta wuce. Ranar Asabar Timmermans ya ce gara a tashi babu matsaya da a tashi da mummuna, ya yi barazanar ficewa. Da yammacin ranar aka samu lafazin da kowa zai iya ɗauka: asusun zai taimaki ƙasashe masu tasowa da ke da rauni na musamman ga illolin sauyin yanayi, ba tare da an lissafa sunaye ba. Maganar wa zai zuba kuɗi aka tura wa kwamitin riƙon ƙwarya. Wajen ƙarfe huɗu na asubahin Lahadi 20 ga Nuwamba aka kira babban zama. Mutane na kwance a kan kujeru da ƙasa, aka riƙa tashin juna. Ƙudurin asusun na cikin na farko da aka gabatar, shugaba ya duba zaure, babu allon da ya tashi, ya buga guduma. Hajiya ba ta yi tafi ba, hannu ta ɗaga tana hamdala.

Abin da ya biyo baya ya rage mini murna. Suwizalan ta nemi a dakata a ba su lokacin karanta babban ƙudurin taron, domin bai daɗe da fitowa ba. Da aka karanta, babu kiran a rage dukkan makamashin da ake haƙowa daga ƙasa, shawarar da Indiya ta kawo kuma ƙasashe kusan 80 suka mara mata baya. Mun samu wurin da za a kai kukan ɓarna, amma ba a taɓa abin da ke haddasa ɓarnar ba. Wakilan tsibirai, waɗanda suka fi kowa daɗewa suna neman asusun, su ne kuma suka fi kowa jin wannan ciwon. Ina ganin wajibi ne mu 'yan G77 mu riƙa faɗa wa kanmu gaskiya a nan: haɗin kan da ya ba mu asusu bai kai ga maganar man fetur ba, saboda a kanta ba mu da murya ɗaya.

Shekarar 2023 ta tafi a kwamitin riƙon ƙwarya, mai mambobi 24, 14 daga ƙasashe masu tasowa, 10 daga waɗanda suka ci gaba. Ni daga nesa na bi shi, ina karanta daftari ina aika wa wakilan Afirka abin da muka gani. Zama na huɗu a Aswan ya watse babu matsaya, sai da aka ƙara na biyar a Abu Dhabi a farkon Nuwamba. Babbar rigimar ita ce inda asusun zai zauna. Mu mun so ya tsaya da ƙafarsa, su suka dage a kan Bankin Duniya, inda masu hannun jari mafi yawa suka fi ƙarfin faɗa a ji. Aka tsaya a kan Bankin ya riƙe na wucin gadi na shekara huɗu, bisa sharuɗɗa, ciki har da ba ƙasashe damar karɓar kuɗi kai tsaye. Zuba kuɗi kuma ya zama na ganin dama. A Dubai, ranar 30 ga Nuwamba, ranar farko ta taron, aka amince da shi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi alƙawarin dala miliyan 100, Jamus miliyan 100, Japan miliyan 10, Amurka miliyan 17.5. Kafin a tashi jimillar ta kai wajen dala miliyan 700. Duk wanda ya riƙe lissafin Pakistan a kansa ya san ko kashi 3 cikin 100 na ɓarnar ambaliya guda a ƙasa guda bai kai ba. An gina rumbu, hatsin da aka zuba bai rufe ƙasansa ba.

A Dubai ne kuma aka buga gudumar babban ƙuduri alhali wakilan tsibirai ba su shigo zaure ba, suna can suna daidaita matsayarsu. Anne Rasmussen ta Samowa ta tashi ta faɗi haka a gaban kowa, zaure ya miƙe yana mata tafi, amma ƙudurin ya riga ya wuce. Daga ranar na fahimci cewa "yardar kowa" tana hannun mai riƙe da guduma fiye da yadda takarda ta nuna.

Na Baku, babban birnin Azerbaijan, a Nuwamban 2024, taron kuɗi ne. Alƙawarin dala biliyan 100 a shekara da aka yi a Kopenhagen a 2009, wanda ya kamata ya cika a 2020, sai a 2022 ya cika, in ji OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, kuma kaso mai yawa bashi ne. Yanzu za a sa sabon adadi. Na koma bin wannan fanni ne saboda muna son asara da ɓarna ta samu kasonta a ciki, don asusun ya samu mashigar kuɗi tabbatacciya. Buƙatar ƙasashe masu tasowa dala tiriliyan 1.3 ce a shekara, G77 kuma ta ce aƙalla biliyan 500 su fito daga gwamnatocin ƙasashen da suka ci gaba. Kusan mako biyu muna tambayar adadinsu, ba su faɗa ba. Daftarin ranar Alhamis ya fito da harafin X a gurbin adadi. Sai ranar Juma'a, ranar da ya kamata a rufe, aka ga biliyan 250. Ali Mohamed na Kenya, shugaban masu tattaunawa na Afirka a lokacin, ya ce sam ba za a karɓa ba. Ranar Asabar tsibirai da ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba suka fice daga ɗakin sasantawa. Ina tsaye a farfajiya na ga fitowarsu, 'yan jarida sun yi musu caa, Hajiya na cikinsu, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ta ce mini, "Ba tafiya muka yi ba, ƙanena. So muke a san muna nan."

A wannan karon lokaci ba ya tare da mu. Wakilai da yawa jiragensu sun riga sun tashi, domin mai tikitin da aka biya masa ba ya iya ɗage shi yadda ya so. Donald Trump ya ci zaɓe 'yan kwanaki kafin taron, kowa na lissafin cewa abin da aka ƙi karɓa bana, baɗi ba lallai a same shi ba. Cikin daren Lahadi 24 ga wata aka buga guduma a kan biliyan 300 a shekara nan da 2035, daga kafofi iri-iri har da 'yan kasuwa, tiriliyan 1.3 kuma ta zama kira ga kowa da kowa. Asara da ɓarna ba ta samu kaso ba. Chandni Raina ta Indiya ta ce sun nemi magana kafin a buga ba a ba su ba, ta yi watsi da adadin. Najeriya da Bolibiya su ma suka yi tir da shi. Duk an rubuta a rahoton taro, ƙudurin kuma yana nan daram.

Na sha tunanin abin da ya bambanta Sharm el-Sheikh da Baku. A Masar abu ɗaya muke nema, amsarsa i ko a'a, kuma bayar da shi bai ci wa kowa ko dala ɗaya a ranar ba. A Baku kuɗi ne tsagwaronsa, kuma a cikin gida ma buƙatunmu sun rarrabu: tsibirai da ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba suna son a ware musu kaso tabbatacce, wasu ba su so, ga kuma tsohuwar rigimar ko Sin da masu arzikin mai za su shiga sahun masu bayarwa. Inda aka ga ɓaraka, nan aka bi.

A watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga hukumar gudanarwar asusun. A watan Afrilu hukumar, wadda ƙasashe masu tasowa ke da kujeru 14 cikin 26 a cikinta, ta zauna a Barbados ta ware dala miliyan 250 don zagayen farko, kowace buƙata tsakanin miliyan 5 zuwa 20, aƙalla rabi kuma ga tsibirai da ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. Aikin da ke gabana yanzu na takarda ne: bin hukumomin agaji da na noma da na ruwa ina tattara alƙaluman abin da ambaliya da fari suka ci, shekara bayan shekara, a fasalin da asusun zai karɓa. Gidajen da suka rushe da kadadar da ruwa ya shanye galibi ana rubuta su. Makarantar da yara suka daina zuwa, da maƙabartar da ruwa ya tafi da ita, da mutanen da suka bar garinsu ba su koma ba, sai an je an tambaya kafin su shiga lissafi. Waɗannan alƙaluman da su za mu nemi kasonmu, da su kuma za mu koma Bon a watan Yuni mu nemi a sa ranar da za a sake zuba kuɗi a asusun da adadin da za a zuba.